Baƙuwar Lamba

Tun da gari ya waye Mama Tela ta cika wayarta da caji, ta zo shago ta jingina ta da gwangwanin allurai, daidai inda idonta zai riƙa faɗawa in tana taka keke. Yau ranar haihuwar autanta ce, wanda ya shiga soja bara, kuma wannan ce ta farko da ta zo ba ya gida. Da can ita ke riga kowa, ta leƙa ɗakinsa da sassafe ta ja masa babban yatsan ƙafa, ta ce ya tashi ya ga yadda ya tsufa a dare ɗaya. Bana kuwa inda aka kai su sai an hau tudu waya ke samun sabis, don haka shi ya yi alkawarin zai kira.

Sai dai ba Auta kaɗai ke da lambarta ba. Akwai matar likita, wadda yadin doguwar rigarta ke ninke a ƙarƙashin tebur ko almakashi bai taɓa shi ba, alhali tun makon jiya aka ce ta zo ta karɓa. Matar ta gane ba a ɗaukar kiranta, sai ta koma kira da wayoyin mutane, yau ta direbanta, gobe ta ƙanwarta.

Da hantsi wayar ta yi ƙara. Mama Tela ta kai hannu da sauri har zare ya tsinke, sai ta ga baƙuwar lamba. Ta katse. Aka sake kira, ta sake katsewa tana tsaki, tana cewa yau dai ba mai tare mata layi ɗanta ya kira ya ji ana magana.

A kira na uku Mai Zare, maƙwabciyar shagonta, tana zaune a kan benci tana fifita da murfin kwali. Mama Tela ta tura mata wayar, ta ce don Allah ta ce ba ta nan. Ita kuwa Mai Zare ba ta iya yin ƙarya tsirara ba, sai ta yi mata ado. Ko gaisuwar mai kiran ba ta jira ba, ta marairaice murya.

"Ba ta nan, bawan Allah. An kwashe ta zuwa asibiti tun safe, har an ba ta gado. Sai addu'a."

Ta kashe, ta miƙo wayar tana cewa yanzu matar likita sai ta bi gadajen mijinta ɗaya bayan ɗaya ta nemo telarta. Mama Tela ta yi dariya har da dafa keke.

Dariyar ba ta gama sauka ba babbar 'yarta, wadda ke aure a wani gari, ta kira tana haki. Ta tambayi wane asibiti ne, me ya sa aka ɓoye mata. Ta ce Auta ne ya kira ta yanzun nan da wayar wani, tasa ta faɗa ruwa. Ta ce masa ita ba ta da labari, ya ba ta lokaci ta bincika, ya ce babu lokaci, ana shiga mota za a wuce da su wani wuri da babu sabis sam, sai bayan watanni.

Mama Tela ta ce lafiyarta lau, tana shago. 'Yar ta tambayi to wa ya ce an ba ta gado. Mama Tela ta ce za ta kira ta an jima.

Ta danna baƙuwar lambar, ta yi ta ringin har ta tsinke. Ta sake, ta sake. Mai Zare ta daina fifita, ta ce wallahi Yaya da ta san yaron ne da harshenta ya bushe kafin ta faɗa. Mama Tela ba ta ko dube ta ba, don ta san hannun wa ya tura wayar. Ana cikin haka wasu mata biyu suka shigo a gwada su, suka zauna da ledojinsu a cinya suna jira.

Can aka ɗauka. Wani dattijon soja ne, ya ce shi ke kula da ɗakin ajiyar kayansu, shi ya ara wa yaron waya. Motocin sun tashi. Amma nan da 'yan kwanaki zai bi su da kayan abinci, in akwai saƙo ta faɗa.

Ta ce ya gaya masa lafiyarta ƙalau, kuskure aka yi.

"Mama, kowace uwar soja haka take cewa," in ji shi. "Tawa tana kwance ana ƙara mata ruwa ta ce min tana kasuwa. In na kai masa wannan, cewa zai yi lallashinsa ake yi."

Ya ce ya ga yadda yaron ya hau mota, ko abincinsa bai taɓa ba, sai da aka bi shi da hularsa. Inda za su kuma ba wurin da mutum zai tsaya gadi hankalinsa na gida ba ne. Abin da ya fi, zai kunna abin ɗaukar murya, ta faɗa da bakinta yadda aka yi maganar asibiti ta fito, yadda yaron zai yarda.

Mama Tela ta leƙa waje. Mai walda na ƙofar shago ya tayar da janareta, ko ihu ta yi a can ba za a ji ta a wayar ba. A ciki ga mata biyu, ɗaya ma sabuwar zuwa ce, sun yi kamar suna kallon hotunan ɗinki na jikin bango. Sai ta tuna wani abu. Wannan yaron da hannunta ta taɓa mayar da shi shagon mai kanti, yana kuka, ya je ya faɗi gaskiyar alawar da ya ce ba shi ya ɗauka ba.

Sojan ya ce ya kunna.

"Auta, ni ce," ta ce, idonta a kan ƙafar keke. "Ban je asibiti ba, ko ciwon kai ba na yi. Kayan wata mata ne ban ɗinka ba nake gudunta. Na ga lambar ban sani ba, na zaci ita ce, na sa aka yi mata ƙarya, ashe kai ne. Sau biyu na katse ka da hannuna. Uwarka ce ta yi ƙarya. Ka ci abinci."

Ta ji dariya daga can, ba ta mutum ɗaya ba, ashe akwai wasu a kusa da shi. Dattijon ya yi gyaran murya ya ce wannan kam zai yarda, don ba wanda zai ƙirƙiri irin wannan don ya kwantar wa wani hankali. Ya yi alkawarin a kunnensa zai sa masa, ba a gaban jama'a ba.

Ta ajiye wayar. Sabuwar matar ta gyara riƙon ledarta, ta tambaya a hankali ko nata ɗinkin zai kai wata guda. Mama Tela ta ce zai kai, har ya wuce. Ta ɗauko tef ta sa matar ta ɗaga hannu, sai a lokacin ta tuna ba ta ce wa yaron komai ba game da ranar haihuwarsa.

Ta bar matar tsaye da hannu a sama, ta sake danna lambar. Da sojan ya ɗauka ta ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, ni ce dai. Ka sake kunna abin nan."