Akwatin Harufan Dalma

Shekara uku ke nan da ciwon suga ya tafi da idon Malam Hamisu, tun daga nan kuwa 'ya'yansa suke lallaɓa shi kamar ƙwai, ko buta ba a bari ya ɗauka. Abin yana ci masa rai. Shi ya sa ya matsa wa 'yarsa Nafisat lamba sai da ta kai shi tsohuwar maɗaba'ar nan ta Doka, inda ya yi shekara talatin yana jera harufa. So yake ya san ko hannunsa ma ya bi idon.

Mansur, jikan mai wurin, shi ya tarbe su. Yanzu kwamfuta ke aikin, tsohon injin kuwa an goge shi an ajiye don masu zuwa kallo.

"A kan wannan muka buga littattafan yaƙi da jahilci," in ji Malam Hamisu yana shafa ƙarfen. "Manomi ya koma karanta wasiƙarsa da kansa, ba sai wani ya ji sirrinsa ba."

Aka janyo masa akwatin harufan dalma mai gida-gida. Mai jeri ba ya duban akwati, hannu ne ya san gidan kowane harafi. Nan da nan ya jera sunansa, har da ɗan taƙama. Mansur ya shafa tawada, ya danna takarda. Ya miƙa wa Nafisat.

"Karanta mana, Nafisat," in ji Malam Hamisu.

"Baba... bai karantu ba."

Kunya ta rufe shi. Ya sake tura hannu cikin akwatin, sai yatsunsa suka faɗa babban gidan tsakiya, inda "a" kan cika maƙil saboda ita aka fi ɗauka. Ƙwayoyin da ke ciki ba su kai goma ba.

"Kai Mansur, wa ya taɓa akwatin nan?"

"Ni ne, Baba. Na gan su a hargitse, na zauna sati guda na shirya su a, b, c, don baƙi."

Dariya ta ƙwace wa tsohon, har da hawaye.

"Ɗan nan, hargitsen ai shi ne tsarin! Jawo kujera. Kana faɗa mini harafi, ina mayar da shi gidansa."

Ya nannaɗe hannun riga. Nafisat ta kama gwiwar hannunsa za ta zaunar da shi.

"Sake ni, 'yar nan," ya ce. "Aiki nake yi."