Kashi Na Takwas

Sati uku ke nan da binne Davou, mahaifin Olive, kuma a cikin sati ukun nan Olive ba ta haɗa ido da uwarta sau biyar ba. Gidansu a Hyattsville, a Amurka, ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu, ko tari mutum ya yi a kicin sai na cikin ɗaki ya ji, amma yarinyar ta ƙware wajen kauce wa uwarta kamar mai kauce wa kwata a hanya. Idan uwar, Nanret, ta ce, "Kin ci abinci?" sai ta amsa da Turanci, kalma ɗaya tak, ta ja ƙofa. Dama can da Turanci take amsawa, irin na yaran da suka tashi a nan, sai dai a da amsar tana da tsawo, har sai an ce mata ta yi shiru.

Laifin da take tuhumar uwarta da shi ba ƙarami ba ne, kuma ba ƙarya ba ne. A watan Oktoba likitoci suka gano ciwon daji a hantar Davou, ya riga ya ci jiki. Olive tana shekararta ta farko a jami'a, can Seattle, ƙarshen duniya. Kullum ta kira waya ta tambayi jikin babanta, abin da take ji ɗaya ne: da sauƙi. An ce mata gyambon ciki ne. An ce ta zauna ta yi karatu, Kirsimeti ya kusa. Ranar da ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe fasto ya kira ta, ya ce ta hau jirgi, ana nemanta a gida. Ta sauka ta tarar da mata cike da falo suna waƙar ta'aziyya.

"Ke nas ce," abin da ta ce wa uwarta ke nan a ranar, a gaban mutane. "Kin sani. Dadi ba zai taɓa ɓoye mini ba. Ke ce."

Nanret ba ta musa ba. Shekara goma sha tara tana aikin jinya a ƙasar nan, ta ga yadda Amurkawa ke zaunar da ɗan shekara goma su gaya masa ubansa zai mutu, har da zane a takarda. Mutanenmu kuwa ko mutum yana kan gargara, da sauƙi ake cewa, kuma ba don mugunta ba. Sai dai wannan karon ba ita ta zaɓa ba. Davou ne ya riƙe mata hannu a asibiti, ya sa ta yi masa alkawari. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce yarinyar ba za ta yafe musu ba, ya ce, "Maman Olive, bari ta gama jarrabawa. Ba na so ta gan ni haka." Mutum ne mai sanyin magana da taurin kai, kuma ta daɗe da sanin cewa ba a cin nasara a kansa.

Ranar Lahadin da ya rage kwana ɗaya Olive ta koma makaranta, Nanret ta tafi coci ita kaɗai. Bayan an tashi sujada, Pauline, ƙawarta tun suna makarantar jinya a Filato, ta ja ta gefe a wurin ajiye motoci. Ita kaɗai ta san yadda abin yake.

"Maman Olive, har yanzu ba ki gaya mata ba?"

"In gaya mata me?"

"Haba! Ki ce shi ya hana. Yarinyar nan gobe za ta tafi, kuma na ji tana gaya wa ƙawarta Debbie wai ba za ta dawo hutun bazara ba, wai aiki za ta nema a can. Kina so ki rasa miji ki rasa 'ya a shekara ɗaya?"

Nanret ta gyara ɗankwalinta. "Ni ina raye, Pauline. In ta yi fushi da ni, wata rana za ta huce. In ta yi fushi da shi fa? Wa za ta je ta yi wa faɗa? Kabari?"

"To ke kika sani," in ji Pauline. Ta buɗe bayan motarta ta miƙo mata kwanon gwate mai zafi. "Ki dai tabbata ta ci wannan."

A hanya Nanret ta yi ta juya maganar, kuma tsoro ya kama ta sosai, don ta san 'yarta. Taurin kan uban ne ta kwaso duka, ba ta bar wa kowa ba.

Tsakanin Olive da babanta akwai wani abu da Nanret ba ta taɓa shiga ba. Tun yarinyar tana shekara tara ta kamu da wasu littattafan zane na Japan, labarin wasu matasa 'yan fashin teku da ke yawo a jirgin ruwa suna neman dukiya. Littattafan sun fi ɗari, kuma ta baya ake buɗe su kamar na Larabci. Davou ne direban wannan hauka. Duk Asabar in ba ya bakin aiki a Greenbelt, inda yake gyaran jiragen ƙasa, sai ya kai ta laburare, ya dawo rungume da littattafai yana mita: wai ya bar duwatsun Jos ya zo Amurka don 'yarsa ta zama likita, ga ta tana karatun ɓarayi. Bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Zane na yara ne, in ji shi.

Sai ga shi a ƙarshen Agusta an fito da labarin a talabijin, da mutane na gaske, da jirgi na gaske, kashi takwas. Olive ta yi wata guda tana fargabar za su ɓata mata labari. Ta tilasta wa uban ya zauna ya ga kashi na farko, ya zauna yana hamma don ta gani. Kafin a kai rabi ya daina hamma. Mutumin da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, wanda in an je bakin teku yake tsayawa da takalmi da safa yana gadin jakunkuna, shi ne ya koma yi wa kyaftin tsawa daga kan kujera, yana gaya masa inda zai juya jirgi. Suka kafa doka: Laraba da Lahadi, kashi ɗaya-ɗaya, ba mai wuce wani, kuma Olive ba za ta gaya masa abin da ke gaba ba ko da ya roƙe ta. Ya kuwa roƙa. Nanret dai tana kicin ko tana barcin gajiyar aiki, abin da ta sani game da shirin bai wuce ihu da ƙarar igwa ba.

Sun ga bakwai. Ana gobe Olive za ta tafi Seattle ta ɗauko rimot za ta sa na takwas, Davou ya karɓe. "A bar wannan sai Kirsimeti," ya ce. "In mun gama yau, me zai dawo da ke gida? Tuwon uwarki?" Suka tafa hannu a kan cewa ba wanda zai taɓa shi sai suna tare.

Da Nanret ta shigo gida daga coci, ta tarar da kwalaye uku a falo, an cika su da littattafan an manne da salatif. Wanda zai dawo hutu ba ya kwashe kayansa haka. Ta wuce kicin ta ajiye gwaten, ta tsaya riƙe da bakin tebur. Sai ta ji an kunna talabijin.

Ta leƙo. Olive tana zaune a ƙasa, ta jingina da kujerar uban, sanye da tsohuwar rigarsa ta aiki. Ta shiga manhajar finafinai ta sunan Davou, inda suke kallo tare. Hotunan kashi-kashi suka jeru a allo, kowanne da jan layi a ƙasansa, alamar an kalle shi. Nanret ta bi su da ido har ƙarshe. Na takwas ma da jan layinsa, cikakke, daga wannan gefe zuwa wancan.

Ta manta da wannan sam. Ta goge saƙonnin likita daga wayarsa, ta kwashe takardun asibiti ta kai gidan Pauline, amma ba ta taɓa sanin talabijin ma yana riƙe magana ba.

Olive ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta juyo, karo na farko cikin kwanaki ta dubi uwarta sosai.

"Wa ya kalli wannan?"

"Ni ce," in ji Nanret. Bakinta ne ya riga ta.

"Ke?"

"Ni ce. Bayan... wata rana ina zaune ni kaɗai, kewa ta dame ni, na kunna."

"To me ya faru a ciki?"

"Faɗa suka yi. A jirgi."

"Mami, kyaftin ɗin namiji ne ko mace?"

Nanret ta sunkuyar da kai. Mace mai shekara hamsin da biyu, shugabar nas-nas a sashenta, ta tsaya a ƙofar kicin kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa. Kunya ta rufe ta, da baƙin ciki, da wani haushin Davou da ba ta taɓa bari ya fito ba, shi da ya tafi ya bar ta da wannan kaya.

Olive ta ajiye rimot a hankali. "Yaushe ya kalla?"

Ba sauran wurin ɓuya. Nanret ta zo ta zauna a bakin kujerar, ta faɗa mata. Ranar Talata ce, kwana tara kafin ya rasu. Da safe likitoci suka shigo su biyu, suka ce maganin ba ya aiki, a fara shirin sauƙaƙa masa ciwo kawai. Ya yi musu godiya kamar sun kawo masa kyauta. Da suka fita ya tambaye ta kwana nawa ya rage Kirsimeti, ta gaya masa, ya juya yana kallon taga. Bayan azahar ya ce ta miƙo masa kwamfutar hannu da abin sawa a kunne, ya shiga ta sunansa ya nemo kashi na takwas.

"Na ce masa, Baban Olive, alkawarinku fa? Ya ce, ba zan kai ba, kuma ina so in san yadda suka ƙare."

"Ya sani ke nan," in ji Olive. Muryarta ta yi ƙasa. "Ya san zai mutu. Kuma a ranar na kira shi. Na tuna, ranar Talata, ya ce mini da sauƙi."

"Ya sani tun Oktoba."

"Shi ya ce kada a gaya mini?"

Nanret ta gyaɗa kai. Abin da ta yi sati uku tana tarewa da jikinta ya wuce ta ke nan, kuma ba ta ji sauƙin komai ba. Ta ga fuskar yarinyar tana sauyawa, ta ga fushin yana neman inda zai sauka ya rasa.

"Ya ji daɗinsa?" Olive ta tambaya can, tana share hanci da hannun rigar.

"Ya yi dariya har nas ta leƙo. Wani wuri kuma na ga yana hawaye. Da ya ƙare sai ya cire abin kunnen, ya dube ni, ransa a ɓace. Ya ce, Maman Olive, an cuce ni. Ashe labarin bai ƙare ba. Ashe yanzu ma suka kama hanya."

Olive ta yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka. "Ai ko kwata ba su kai ba. Littafi goma sha ɗaya ko sha biyu ne kawai suka yi. Ya ɗauka a kashi takwas za su samu dukiyar?"

"Haka ya ɗauka."

"Ni na san sauran," in ji Olive. Yanzu kukan ya ƙwace mata gaba ɗaya, maganar tana fita a gutsure. "Na san shi duka, Mami, tun ina 'yar shekara tara nake karantawa. Kwana tara! Da kun kira ni, da na zo na zauna kusa da shi na ba shi labarin, tsibiri bayan tsibiri. Kullum roƙona yake in gaya masa, ina hana shi."

Nanret ta sauko daga kujerar da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta zauna a ƙasa kusa da 'yarta. Ta miƙa hannu tana tsoron za a ture, ba a ture ba. Olive ta kifa kai a cinyarta tana kiran babanta, tana tambayarsa don me, don me, kuma Nanret ta bar ta ta tambaya, don ita ma ba ta samu amsa ba lokacin da yake da bakin bayarwa.