Wake Saba'in da Huɗu

Nachisale ba ta jin Turanci, amma tana gane tuntuɓe in ta ji shi. Da wannan ilimin kaɗai ta naɗa kanta malamar karatu a barandar gidanta da ke garin Zomba.

Malama Mbewe, malamar ajin 'yarta Tadala, ce ta ja mata. Ta kira ta zuwa makaranta ta ce Tadala yarinya ce mai kai, sai dai in tana karatun Turanci kamar mai hawan tudu da buhun masara a ka. Daga aji biyar kuwa komai da Turanci ake yi. In ba ta iya karanta kalma sittin a minti ɗaya ba kafin ƙarshen zango, za ta maimaita aji huɗu.

Maimaita aji! Nachisale ta dawo gida tana huci. Shekara shida ke nan da ita da marigayi mijinta, Bambo Kamwendo, suka ɗauko Tadala daga gidan marayu tana 'yar shekara huɗu, kuma har yau matan coci ba su bar zancen ba. Sun samu abin taunawa ne tun shekarar farko, lokacin da yarinyar ke ɓoye rabin mandazinta, wato fankenta, a ƙarƙashin matashi, wai na Yami ne, ƙanenta. Bambo Kamwendo ya ce babu wani ƙane, ita kaɗai aka tsinta. Mata suka ce iska ce. Nachisale ta kai ta wurin fasto, aka yi addu'a, wata rana har da mari, kafin yarinyar ta bar ambaton sunan. To, ba za ta sake ba su wani abin faɗa ba.

Sai ta ƙago dabara. Kullum bayan an ci nsima, tuwon masaran rana, ta kunna agogon waya, ta ɗora faifan wake a cinya. Duk kalmar da ta fito sumul, ƙwaya ɗaya ta faɗa kofin silba. In aka yi in'ina, babu wake.

"Talatin da ɗaya," in ji Nachisale. "Ke Tadala, wannan ko ɓera ba zai ƙosar ba."

"Amayi, kin ci mini biyu. Ina kallon hannunki," in ji Tadala, wadda ke kiranta Amayi, wato inna.

"Ni? Da girmana? Littafi aka ce ki kalla, ba hannuna ba, lauya."

Littafi uku ne a gidan, Tadala ta haddace su tas. Ranar da Nachisale ta kama ta tana zuba karatu idonta na kan kaji, ta ce, "Ashe kaji ne ke riƙe miki littafin?" Daga nan aka koma buhun taki, kwalin magani, kalandar bara. Wake ya kai arba'in da tara ya cije.

Wata ranar Asabar da hantsi aka rasa abin karantawa. Nachisale ta tuna da akwatin ƙarfen marigayi. A ciki akwai ambulan ɗin gidan marayu, wanda shi ya shiga ofis ya karɓo, ita tana waje rungume da yarinya. Ta zaro takarda mai hatimi ta miƙa.

"Ga sabuwa fil. Mu ga yadda za ki haddace wannan."

Layin farko Tadala ta ɗan ja ƙafa. Daga nan wani abu ya kama ta. Kalmomi suka riƙa zubowa, ba tsayawa, ba in'ina, hannun Nachisale har ya kasa cim mata. Waya ta yi ƙara, yarinyar ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙasan takardar.

Nachisale ta ƙirga sau biyu. "Saba'in da huɗu!" Ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. "Ina Malama Mbewe? Ina matan coci? Su zo su ji 'yata!"

Tadala ba ta ɗago ba.

"Amayi, kin san abin da na karanta?"

"Ina zan sani? Daɗinsa dai na ji."

Yarinyar ta fassara mata, da murya kamar ba tata ba. An kawo yara biyu: Tadala, shekara huɗu, da ƙanenta Yamikani, shekara ɗaya da rabi. An roƙi Bambo Kamwendo ya haɗa su. Ya ce ɗaya zai iya. Ya kuma roƙi kada a gaya wa matarsa, don in ta ji ba za ta yarda a raba su ba.

Kofin ya suɓuce, wake ya tarwatse a siminti. Nachisale ta dubi akwatin ƙarfen. Mutumin da ta yi shekara ashirin tana dafa wa! Bai ma sa wa akwatin kwaɗo ba. Ya san Turanci ya ishe shi makulli. Kunya da tsoro suka rufe ta a lokaci ɗaya.

"Allah yana gani, ban sani ba."

"Kin ce ƙarya nake yi," in ji Tadala. "Kin mare ni."

"Na mare ki."

Ta dubi tafin hannunta na dama, wanda yanzun nan ya gama jefa wake, ta ɓoye shi a cikin zani. Yaron, in yana raye, ya shiga shekara takwas ke nan.

Can ta miƙe, ta ɗaure zaninta tamau, ta kife wayar a kan tabarma.

"Akwai adireshi a jiki?"

"Akwai. A sama."

"Karanta mini," ta ce. "A hankali, 'yata. Ɗaya bayan ɗaya, don in riƙe."