Layin da Ta Zaɓa

"Auta ya kulle kansa a ɗaki! Ina ta bugawa, ya ƙi ko tari!"

Muryar Mama ce a waya. Bokanya ta miƙe zumbur har kujera ta kife. Haka ake kiranta a ofishin yaƙi da shaye-shaye, don lissafinta kan faɗi unguwar da ƙwaya za ta shiga tun kafin ta shiga.

"Ina zuwa, Bokanya? Aljanun naki ne suka yi kira?" in ji Dogo, abokin aikinta. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

A cikin tasi ta riƙa matse jakarta. Aikin nata ba asiri ba ne. Ta raba mutanen gari gida uku: waɗanda ba su taɓa sha ba, masu sha, da waɗanda suka daina. Kowane mai sha yana jawo wasu, kamar yadda mura ke yawo. Kwamfuta ta lissafa, ta shafa ja a taswira inda abin zai ɓulla a wata mai zuwa, ofis ya tura ma'aikata can.

Da farko hasashen kan yi kusa ne kawai. Daga baya ya daina kuskure gaba ɗaya, abin da ya tayar mata da hankali ke nan. Mutane ba sa bin lissafi sau da ƙafa haka, sai dai idan dillalan ƙwaya na samun taswirar suna bin ta da kayansu. Sai ta ɗana tarko. A watan jiya ta cusa wa kwamfutar lambar ƙarya, ta sa ja a layin da ta tabbata ba mai sha ko ɗaya. Layi guda ta sani irin wannan sanin, shi ne na gidansu. Ba ta tuna cewa ƙanenta Auta yana gida na uku, na waɗanda suka daina, ba, kuma ita da hannunta ta zana kibiyar da ke mayar da masu dainawa cikin masu sha a lissafin.

Rana tsaka ce, amma layin ya yi tsit. Kekunan teloli a tsaye, yadi a maƙale ƙarƙashin allura. Samari sun jeru a jikin katanga, idanu a buɗe, ba mai ƙiftawa. Ta gaida ɗan maƙwabciyarsu, ya bi ta da kallo kamar hayaƙi ne ya wuce. Kwata cike da ƙananan kwalabe. A bakin layi ga sabon kiyos, ɗan ƙaramin shago da ba ta taɓa gani ba, an yi masa jan fenti, irin jan da ke taswirarta sak.

Mama na durƙushe a ƙofar ɗakin. Bokanya ta ɗauko taɓarya ta daki makullin har ya fita.

Auta na zaune a bakin gado, gumi ya jiƙa rigarsa. Hannunsa na dama a dunƙule.

"Ban sha ba, Yaya," ya ce a hankali. "Wallahi ban sha ba tukuna."

"Buɗe hannun, ƙanena."

"Kyauta suka ba ni. Ban tambaya ba. Sunana suka kira, har sun san yaushe na daina." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ke da kike duba wa gari, ba ki hango wannan ba?"

Ta durƙusa ta riƙe dunƙulen da hannu biyu. Tana jin ƙarar ledar ƙwaya a ciki. Yatsunsa suka fara saki, ɗaya bayan ɗaya.

Aka yi sallama a tsakar gida.

Wani dattijo ne mai tsabta, da farin gilashi, takalminsa ba ko ƙura. Ya gaida Mama da ladabi, sannan ya zaro takarda daga aljihu ya warware. Taswirar ce, da hatimin ofis.

"Ranki ya daɗe, mun daɗe muna son yi miki godiya," ya ce wa Bokanya. "Wannan karon dai kin yi mana wasa, ba kowa a layin nan. Amma ba ma son a ce lissafinki ya yi ƙarya, sai muka gyara."

"Ku fita daga layin nan," in ji Bokanya.

"Yau ɗin nan ma, in kina so. Har kiyos ɗin za mu ɗauke." Ya miƙo mata jan biro, yana leƙen ɗakin ta saman kafaɗarta. "Sai dai kaya sun riga sun iso, dole a sauke su wani wuri. Zaɓa mana wani layin."

A bayanta ta ji ledar ta sake ƙara. Auta ya mayar da hannunsa ya dunƙule.