Abin da Balaraba Ta Ji a Asibiti

Balaraba ta dire ƙwaryar gumba da ƙarfi, don ta ji abin da Inno, uwar mijin marigayiya, ke faɗa wa matan zaman makoki.

"Can tad ɗauko ciwonta, wurin tallan shinkahwa Argungu. Ɗana ya daɗe da matarshi ta hwari kahin su rabu, ko ƙurji ba ta taɓa yi ba."

Jiya aka binne Sauda da tsohon ciki. Katanga ɗaya ta raba gidansu da na Balaraba a unguwar Nasarawa. Ƙuraje ne suka fito mata a gaba, zazzaɓi ya biyo, idanu suka yi rawaya, shi ke nan. Balaraba ce ta yi jinyarta, kuma tana tsaye likita ya titsiye mijin, Riskuwa, har ya amsa cewa ƙurajen sun daɗe suna fito masa suna bajewa. Likita ya ce ƙwayar cutar kan fita ko fata na sumul, wata rana da yawa, wata rana babu. Wata matar ta tsira, wata ta kamu.

Ran Balaraba ya ɓaci. Yarinyar da ko dariya sai ta rufe baki, yau ita ake yi wa wannan shaida!

Ta samu Riskuwa a zaure shi kaɗai, ya haɗa kai da gwiwa.

"Kana jin abin da uwarka ka hwaɗi?"

"Wallahi, Iya, ban taɓa kusantar ta ba sai jikina na lahiya lau."

"Na sani. Shiga ka hwaɗa musu hakanan."

Ya daɗe yana kallon takalman mutane a bakin ƙofa. "In na hwaɗi, wa za ya ƙara ba ni ɗiyarshi?"

Ashe lissafin da yake yi ke nan, ƙasar kabari ko bushewa ba ta yi ba. Balaraba ta juya ta bar shi a zaure. Ta koma tsakar gida ta tsaya a tsakiyar tabarmi.

"Inno, ni ina wurin. Ɗakinta tas samu ciwon, ga mijinta. Ya amsa gaban likita."

Ba wadda ta motsa. Carbin da ke hannun Inno ya tsaya a kan ƙwaya ɗaya, ya daina tafiya.