Waya ta Biyu

Ranar Talata aka dawo da bandir huɗu na yadi wata masaƙa da ke Sharaɗa. An rubuta mita hamsin a jikin kowanne, amma da aka auna babu wanda ya kai arba'in da takwas. Duka daga injin Malam Idrisu suka fito. Manaja Sagir ya ce in har la'asar ta yi ba a gano inda yadin ya shiga ba, to Malam Idrisu ya zo ya karɓi takardar sallama.

Aka kira Dabora, mai kula da na'urorin awo. A jikin gangar da ke jan yadin akwai wata 'yar na'ura, inkoda, da ke aika bugu dubu ta waya a duk zagaye ɗaya. Wani akwati a bango shi ke ƙirga bugun ya mayar da shi mita. Ta auna mita goma da tef, ta tayar da injin, akwatin ya nuna goma.

"Kin gani ko?" in ji Manaja. "Inji ba ya ƙarya."

Dabora ta juya wajen dattijon, Malam Idrisu. "Baba, ku yi aikinku yadda kuka saba, in gani."

Ya tayar da injin. Can sai yadin ya tattare. Ya tsayar, ya sa hannu biyu ya juya gangar baya, ya shafe wurin da tafin hannu. Dabora na kallon akwatin. Ganga na komawa baya, lamba na hawa.

"Sau nawa kuke yin haka, Baba?"

"Duk sanda ya tattare mana. In naɗe wa mutane yadi a yamutse, 'yata?"

"Sauran ma'aikatan ma suna yi?"

"Yaran nan? Su ai sauri suke."

Ta buɗe akwatin. Wayoyin bugu biyu ne suka taho daga inkodar, amma ɗaya kawai aka ɗaura, ɗayar an naɗe bakinta da salatif an cusa ta gefe. Da waya ɗaya akwatin na jin bugu, sai dai bai san gaba ba, bai san baya ba. Duk inda Malam Idrisu ya gyara, sau uku ake ƙirga shi: zuwa gaba, komawa baya, da sake zuwa gaba.

Ta ɗaura wayar, ta danna 'yan maɓallai, ta ce ya sake juyawa baya. Lambar ta fara sauka.

Manaja ya daɗe yana kallo. "Wa ya haɗa akwatin nan?"

"Haka na same shi, Yallaɓai."

"To." Ya gyara hula. "Malam Idrisu, a koma bakin aiki. Amma a rage shafe-shafen nan, ana jiran kaya."

"To, ranka ya daɗe," in ji Malam Idrisu, ya tayar da injinsa.