Rimot Ba Batir

…kuma ni na cire batirin, da hannuna, ba wani ba. Sati uku ke nan. Ga Baba a kujerarsa, ƙeyarsa kawai nake gani, jar mota tana sheƙa gudu a talabijin. Ni ina bayansa kan kushin, nawa rimot ɗin a ƙarƙashin filo. Ni nake tuƙa ta.

Likitar gashin ƙashi ce ta ce a gwada. Tun da ɓarinsa na dama ya shanye yatsun suka ƙi lanƙwasuwa, ta ce wasan tseren mota zai tilasta wa babban yatsa motsi, rabin awa kullum bayan la'asar. Ranar farko ya daki bango sau goma sha ɗaya. Mutumin da ya shekara talatin da biyu yana jan tirela, ko akuya bai taɓa bugewa ba… Sai na ce bari in duba rimot ɗin, na shiga ɗaki, na dawo masa da shi fanko.

Tausayi ne? Haka nake gaya wa kaina. To matsayina fa? Ni ne na uku cikin abokaina a wasan nan, da sunana yake bugawa, duk karon da ya yi ni ake ragewa maki. Wannan ma yana ciki. Tir da ni.

Haka muke yi wa Auta tana ƙarama — a miƙa mata wanda ba a jona ba, ta yi ta dannawa tana tsalle wai ta cinye mu. Shekararta huɗu lokacin. Baba sittin da bakwai.

Daɗin wasan ai a hannu yake. Ka taɓa kaɗan, mota ta amsa kaɗan. Ka hau tsakuwa, rimot ya yi karkarwa a tafinka, ka taka birki ka ji nauyinsa a yatsa. Wa ya fara nuna mini haka? Ina kan cinyar Baba a tirela, warin man dizal, ya ɗora hannuna kan sitiyari ya ce in rufe ido in ji hanya. Shi nasa rimot ɗin tun ranar bai ƙara ko motsi ba. Sati uku yana riƙe da mushe.

Da safen nan likitar ta murza yatsun. Ta ce babu ci gaba, kuma wai watannin farko su ne ba a wasa da su. Umma ta ce ai kullum shi ke zuwa na ɗaya. Likitar ta dube ni, ni kuma na dubi takalmina. Don me zai matsa wa yatsa, tunda ko ya danna ko bai danna ba mota tana tafiya?

Yau zan faɗa. Bayan wannan zagayen… a'a, bayan kwanar nan mai wuya, ta bakin gada —

Na ɗan leƙa. Hannayensa. Duka biyun suna kan hannun kujera. Rimot ɗin yana ƙasa, kusa da ƙafarsa. Tun yaushe?

Motar ta sha kwanar sumul, yatsana ya riga tunanina.

Bai waiwayo ba.

“Ka iya kwana,” in ji shi. “Ƙarasa.”

Saura zagaye biyu. In tsaya, in ci gaba… filon nan ya yi nauyi, yatsana kuma yana nan kan totur.